DAGA JAKIN FATAKE ZUWA BABUR MAI BATIR: TARIHIN ABIN HAWANMU A KURMI

   

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan abu da ya faru a layinmu na masu sayar da kayan babur. Muna zaune bayan la'asar sai ga wani yaro ya zo wucewa a kan mashin, ya ɗauko buhun albasa a baya, amma babu ƙara, babu hayaƙi, ko salansa ma babu a jikinsa. Yara suka bi shi da gudu. Wani dattijo mai sayar da goro da ke gefenmu ya dube mu ya ce, "To Alhazai, ku masu fulogi da baƙin mai, sai a fara neman wata sana'a." Aka yi dariya aka watse. Amma maganar ta kwana da mu, domin mun san in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya baya, mu ga yadda iyayenmu suka yi duk lokacin da abin hawa ya canza musu, sannan mu dubi wannan baƙon da ya shigo mana.

KAFIN BABUR

Duk wanda ya san tarihin zamanmu a Kurmi ya san goro da shanu ne suka kawo mu. Kakanninmu fatake ne, suna kora jakuna zuwa Gwanja su yi watanni a hanya, da madugu a gaba. A 1901 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Badun, a 1911 kuma ta isa Kano. Cikin 'yan shekaru tafiyar da ake yi a watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Yarbawa na Agege da Ota da Shagamu suka duƙufa dashen goro, tashar jirgi kuma tana nan kusa, sai mutanenmu suka yi zango suka zauna.

A nan ne darasi na farko yake. Wanda ya kafe a kan jaki, jirgi ya wuce ya bar shi. Wanda ya gane cewa arziki ya koma wajen gidan saukar baƙi, da dillanci, da ɗaurin huhun goro, da samun tarago, shi ne ya zama mai gida, kuma har yau ana kiran unguwanni da sunayen irin waɗannan gidaje. Da manyan motoci suka karɓe kaya daga hannun jirgi, haka aka sake yi: wasu suka sayi gingimari, wasu suka zama 'yan kamasho, wasu kuma suka tsaya suna jiran jirgin da ya daina zuwa a kan lokaci.

ZUWAN BABUR

Mu da muka tashi a shekarun 1970 mun san babur a matsayin abin ado. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, malamin makaranta da akawu da ɗan sanda suka cika gari da Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha. Mai babur a lokacin mutum ne mai daraja, ranar Juma'a yake wanke shi ya hau zuwa masallaci. Ba wanda ya taɓa tunanin za a riƙa ɗaukar fasinja da shi a karɓi kuɗi a tsakiyar Ikko.

Talauci ne ya mai da shi abin haya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin nan na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP. Darajar naira ta faɗi, mota da kayan gyaranta suka yi tsada, masana'antu suka rage ma'aikata, motocin haya suka yi ƙaranci. Wanda yake da babur a gida sai ya fara fita da shi da yamma ya samo na cefane. Kowane gari ya raɗa masa suna. A Kano acaɓa, a Sakkwato kabu-kabu, a Jos da Kaduna goyin. A nan Kudu aka ce okada, daga sunan kamfanin jirgin sama na Okada Air mallakar Cif Gabriel Igbinedion, wai don yana kai mutum inda za shi da sauri kamar jirgi. Kamfanin jirgin ya daɗe da rufewa, suna kuwa ya zauna a kan babur.

Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan ƙasar Sin irin su Jincheng suka shigo da araha. 'Yan kasuwar Nnewi ne suka fi kowa gane sirrin: su shigo da shi a kwance cikin kwali, su haɗa a nan gida, su kuma riƙe kasuwar kayan gyaransa. Innocent Chukwuma, mai kamfanin Innoson da ke haɗa motoci yanzu, da harkar babur ya fara. Bayan su sai Bajaj Boxer na Indiya ya zo da dogon kujera da juriyar kaya, ya zama shi ne jakin wannan zamani. Mutum uku da buhun shinkafa ba su dame shi ba.

Su wa ke tuƙawa? Yaranmu ne. 'Yan ci-rani daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina da Jigawa da Borno, har da 'yan uwanmu na Nijar. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006. Maiduguri ta hana babur a 2011 saboda rikicin Boko Haram. Kano ta hana goyo a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Duk inda aka rufe ƙofa, sai matasa su hau bayan tirela su nufo Ikko. Mu muka sauke su a masallatai da zaurukanmu, mu muka tsaya musu aka ba su babur a kan balas, mu muke sayar musu da fulogi da fistin da sarƙa da baƙin mai.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. A shekaru fiye da talatin na wannan sana'a, mu ne masu tuƙi, mu ne masu sayar da kaya ɗai-ɗai a rumfa. Shigo da babur daga waje, da haɗa shi, da babban sari, duk suna hannun wasu. Mu ake kamawa, mu ake kwantarwa a asibitin ƙashi na Igbobi, ribar mai tsoka kuwa tana tafiya inda muke zuwa saro kaya. Ba hassada muke yi ba, sun riga mu farkawa ne, kuma Allah Ya ba su.

SHEKARUN DOKA DA TSADAR MAI

A 2012 gwamnatin Fashola ta yi dokar hanya da ta hana okada bin tituna 475. Ran 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana shi a manyan ƙananan hukumomi na cikin gari, kuma dokar ba ta ƙyale kamfanoni masu kiran babur ta waya ba, irin su Gokada da ORide da MAX, duk da hular kwano da rajistar da suke da ita. A watan Mayun 2022 aka kashe wani matashi a Lekki a rigimar da aka danganta da 'yan okada, sai ran 1 ga Yuni aka hana ɗungurungum a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland. Ran 1 ga Satumba aka ƙara Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe. Baburan da aka kama, a gaban idon duniya aka niƙe su. Akwai waɗanda a cikinmu ba su gama biyan kuɗin mashin ba aka mai da shi ƙarfen gwangwan. Ba mu manta da rikicin Mile 12 na Maris 2016 ba, wanda shi ma daga gardamar ɗan okada ya taso, aka yi asarar rayuka da dukiya.

Yaran suka matso gefe, wasu nan wajenmu, wasu Ikorodu, wasu suka tsallaka jihar Ogun, Sango Ota da Ibafo da Mowe. Ana cikin lallaɓawa sai ga ran 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin kwana biyu, kuma a Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Faɗuwar naira ta ninka kuɗin sabon Boxer da na kayan gyara. Yaron da a da yake cika tanki, ya biya balas, ya ci abinci, ya aika gida, sai ya wayi gari gidan mai ne ke cin rabin guminsa. Wannan ita ce ƙofar da babur mai lantarki ya shigo ta cikinta.

ASALIN BABUR MAI LANTARKI

Da yawa suna ɗauka sabon abu ne. Tun 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar ƙirar keke mai tafiya da batir. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da fetur ya yi wuya a Turai, wani kamfani mai suna Socovel a ƙasar Beljiyam ya ƙera babura masu batir ya sayar. Da yaƙi ya ƙare mai ya wadata, sai aka watsar da su. Dalili kuwa batirin lokacin irin na mota ne, mai dalma da ruwa, ga nauyi, ga saurin ƙarewa. Ku lura, rashin mai ne ya taso da shi a can, rashin mai ne kuma ya taso da shi a nan.

Abin da ya canza lissafi shi ne batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayoyinmu, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. A 2010 batirin da zai riƙe yunit ɗaya na wuta ya fi dala 1,000. Zuwa 2023 ya sauko ƙasa da dala 150. Ƙasar Sin ce ta fi kowa cin moriya. Manyan biranenta da yawa sun hana babur mai fetur, Guangzhou a 2007, mutane suka koma keke mai batir, har adadinsu ya wuce miliyan 300. A Taiwan kamfanin Gogoro ya fito a 2015 da dabarar musayar batir: ka tsaya a tasha, ka ciro wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke, ka wuce. A Indiya, Bajaj ɗin nan da muka sani da TVS duk sun fara sayar da nasu masu batir a 2020. Ko Harley-Davidson na Amurka, mai baburan da ake alfahari da rugugin ƙararsu, ya fitar da mai lantarki a 2019.

A Afirka, Ampersand ya fara ba 'yan acaɓan Kigali baburan batir a 2019, kuma daga Janairun 2025 ƙasar Ruwanda ta daina yi wa sabon babur mai fetur rajistar haya a wannan birni. A Kenya akwai Roam da ke haɗa nasa a Nairobi. Kamfanin Spiro ya fara yaɗuwa daga Binin da Togo a 2022, ya shigo Abeokuta a 2024 tare da gwamnatin jihar Ogun. MAX na nan Ikko ya gwada nasa a ƙauyen Gbamu Gbamu mai wutar sola. A can gida kuma, Mustapha Gajibo na Maiduguri ya nuna cewa ɗanmu ma zai iya haɗa motar haya mai batir da hannunsa. Ke nan abin yana bakin ƙofarmu, daga nan zuwa Abeokuta tafiyar awa nawa ce?

YADDA YAKE DA YADDA ZA A ƘERA SHI NAN GABA

Ga wanda bai taɓa leƙa cikinsa ba, abubuwa uku ne jigonsa. Akwai batir, akwai injin lantarki mai naɗin waya da maganaɗisu irin na fanka, sai wani ɗan akwati da ke auna wutar da za ta tafi injin gwargwadon yadda ka murɗa totur. Babu kafireto, babu fulogi, babu fistin da ringi, babu juyen baƙin mai, mafi yawansu ma babu kuloci da giya. Wasu an dasa musu injin a cikin tayar baya. Wasu an sa shi a tsakiya yana jan sarƙa kamar yadda muka saba. Na cikin taya ya fi araha, amma yana shan dukan rami kai tsaye, ruwa kuma yana saurin samunsa. Na tsakiya ya fi dacewa da kaya da hawan tudu, kuma bakaniken bakin titi zai iya cire taya ba tare da ya taɓa wayoyi ba.

Waɗanda aka fara kawo mana ƙirar titunan Sin ce, ƙanana masu gajeren ƙafa. Mun taɓa ganin wasu 'yan uwa sun haɗa kuɗi sun saro irinsu daga hannun wani mai shigo da kaya, ashe tsohon nau'in batir ne mai dalma. Damina ɗaya ba su yi ba suka kwanta, mai kayan kuma ya ce ba ya karɓar abin da aka riga aka hau. Kamfanonin da suka zauna suka dubi ɗan okada da kyau, sun gane cewa dole babur ya yi kama da Boxer: doguwar kujera, ƙaƙƙarfan ƙarfen baya na ɗaure kaya, tsayi daga ƙasa saboda ambaliya, da batir a ƙasan inda tanki yake don nauyi ya zauna a tsakiya. Nan gaba wanda zai ci kasuwar nan shi ne wanda ya rufe batir da wayoyi yadda ruwan Yuli ba zai shiga ba, ya kuma yi taya da birki da shoka daidai da waɗanda ke rataye a rumfunanmu.

Batirin ma iri-iri ne. Akwai nau'in litiyam mai haɗin ƙarfe da ake kira LFP, ya ɗan fi nauyi amma ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, bai kuma cika kamawa da wuta ba. Irinsa ya dace da ƙasarmu. A Sin har an fara sa batirin sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, don a rage tsada. Maganar gobara ba wasa ba ce. Birnin New York sai da ya yi doka a 2023 a kan ingancin irin waɗannan batura saboda gidajen da suka ƙone. Mu da shagunanmu na katako ne manne da juna, kada wani ya kuskura ya jona batirin da bai san asalinsa ba ya kulle shago ya tafi gida.

Babbar matsalar da ba a warware ba ita ce kowane kamfani da ƙirar batirinsa. Na wannan ba ya shiga babur ɗin wancan. Ka ƙaddara a ce kowane gidan mai da irin babur ɗin da yake zuba wa fetur. A 2021 Honda da Yamaha da KTM da Piaggio sun kafa haɗin gwiwa don su daidaita batirin musaya ya zama iri ɗaya. Ranar da aka yi haka a nan, ranar ce ƙaramin ɗan kasuwa zai iya buɗe tashar batir kamar yadda yake buɗe shagon cajin waya.

LISSAFIN KASUWA

Bari mu yi lissafi irin namu na rumfa. Mu ɗauka yaro yana yin kilomita 150 a yini. Boxer zai sha masa lita uku zuwa huɗu, in lita tana naira 1,000 kuɗin ya kama naira 3,000 zuwa 4,000, ban da baƙin mai da sabis. Babur mai batir zai ci kamar yunit shida na wuta a wannan tafiya. Ko da farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 1,500 ba. Tashar musaya za ta karɓi fiye da haka, tunda ita ta sayi batirin, ita ke biyan haya da ma'aikata, wani lokaci har da janareto. Duk da haka akwai rara a tsakani, kuma wannan rarar ita ce duk kasuwar. Tambayar kawai ita ce aljihun wa za ta shiga.

Batir shi ne mafi tsada a jikin mashin ɗin. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke sayar maka da gangar jiki su riƙe batir a matsayin nasu, kullum ka zo ka yi musaya ka biya. Wannan ya sauƙaƙa kuɗin farko, amma ya ɗaure ka da su. Galibi akwai na'urar bibiya a jiki, in ka yi jinkirin biya ana iya kashe maka babur daga ofis kana tsakiyar titi. A da in yaro ya kasa kawo balas saboda rashin lafiya ko rasuwa, wajen mai gida yake zuwa da dattijo a ba da haƙuri. Kwamfuta ba ta san ta'aziyya ba.

Ga kuma wani abu da masu zanen babur a ofis ba su sani ba game da mu. Ɗan ci-rani in damina ta faɗi, ɗora Boxer ɗinsa yake yi a kan tirelar da ta sauke shanu, ya tafi da shi ƙauye, ya kai taki gona, ya kai mara lafiya asibiti, in aure ya taso ya sayar a kasuwar ƙauye ya biya sadaki. Babur a wajenmu asusu ne. Wanda batirinsa ke hannun kamfani a Abeokuta, me zai yi a ƙauyen Illela ko Maigatari? Sai dai in mai caji ne a gida, kuma akwai sola. Mu tuna a Oktoban 2024 jihohin Arewa da yawa sun yi kwanaki a duhu da layin wuta ya lalace. Saboda haka muna ganin mai fetur ba zai ɓace gobe ba. Mai batir zai fara cin cikin gari da masu kai saƙo da gajerun hanyoyi, mai fetur ya riƙe ƙauye da dogon zango na wasu shekaru. Kada kuma wani ya ɗauka rashin hayaƙi zai buɗe masa titin da doka ta rufe. Abin da ya sami masu hular kwano a 2020 ya isa ishara.

Mu masu kayan gyara kuwa, mu duba rumfunanmu da idon basira. Taya, tub, birki, shoka, fitila, madubi, kujera, waɗannan suna nan. Fulogi, fistin, ringi, kafireto, salansa, baƙin mai, waɗanda su ne cinikin yau da kullum, su ne za su riƙa ja da baya. Bakaniken da bai san komai ba sai kwance inji, aikinsa zai ragu. Yaron da ya iya awon wuta da naɗin koyil da gyaran cajar waya, shi za a riƙa nema. Har ma'adinin litiyam ɗin ma a ƙasarmu yake, a 2024 aka buɗe masana'antar tace shi a jihar Nasarawa, kuma 'ya'yan talakawa ne ke shiga ramin haƙo shi. Kada a sake maimaita tarihi, mu ne a rami, mu ne a kan sirdi, wasu ne a kan teburin lissafi.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Da farko muna roƙon shugabanni su kafa ɗan kwamiti na 'yan kasuwa da makanikai da shugabannin 'yan okada, su je Abeokuta su gani da idonsu, su tambayi masu tuƙawa nawa suke kashewa, nawa ke saura, kuma me ke faruwa in batir ya ƙare ba tasha kusa. Gani ya kori ji.

Na biyu, kada wani yaro ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malamanmu su duba mana waɗannan yarjejeniyoyi: ina ciniki ya tsaya, ina haya ta fara, shin ƙarin da ake yi in an yi jinkiri bai zama riba ba, kuma in babur ya ɓace ko hukuma ta kama, wa ke da asara.

Na uku, cikin kuɗin da ƙungiya ke tarawa a ware wani abu a tura yara ko goma su koyi aikin lantarki da sola da gyaran batir. Ɗaliban Islamiyyarmu da suka gama sakandare suna zaune, ga su nan da kaifin ƙwaƙwalwa.

Na huɗu, masu hali a cikinmu su haɗa jari. Muna da filaye a bakin kasuwa da tasha da harabar masallatai, inda yaranmu ke taruwa dama. Kamfani ba zai iya kafa tashar musaya ba sai da fili da tsaro da amincin masu tuƙi, kuma duk ukun a hannunmu suke. Mu shiga a matsayin abokan tarayya masu kaso, da takarda da lauya, tun kafin a zo a ba mu aikin gadi a filinmu. Kakanninmu da jirgi ya kashe musu fatauci ba su zauna kuka ba, gidajen baƙi suka gina kusa da tasha, shi ya sa muke da wurin zama a garin nan yau.

Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara a kan abin da muka faɗa, ƙofar mujallar nan a buɗe take, kuma rumfarmu ba ɓoyayya ba ce. Allah Ya tsare yaranmu a kan hanya, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu a wannan sana'a, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.